Ƙafafun Baba a Majigi

Ranar wata Alhamis, a kakar shekarar da aka sa ni elementare, mai shela ya zagaya Kusada yana cewa majigi zai zo Kankiya. Na ajiye dawar da nake sussuka, na ruga gida har ina tuntuɓe da akurki. Ai wata biyar muna jiran wannan rana. Farkon damina malamin gona ya kawo wani Bature gonarmu da akwati mai ƙafa uku, aka ɗauki Baba yana shukar gyaɗa. Ran nan Baba sai da ya je wurin wanzami, ya ari hula, ya shiga gona da rigarsa ta Sallah. Ni kuwa babu yaron da ban cika wa baki ba cewa za a ga ubana ɓaro-ɓaro a jikin bango.

Da azahar ni da Baba muka ɗora kakata Iya a kan jaki, yaran unguwa suka biyo mu don su gani da idonsu. Bayan magariba aka kafa farin ƙyalle, inji ya kama ruri. Aka nuna jirgin ruwa, aka nuna yadda ake haƙa masai, ni duk ban kula ba. Can sai mai bayani ya ce a lasifika, "Ga yadda manomin kirki yake ba da tazara." Na miƙe tsaye. Sai ga sungumi yana sara, ga hannu yana jefa iri, ga dunduniya tana binnewa. Na jira akwatin ya ɗaga kai, bai ɗaga ba. Ashe ramukan Baturen ya zo ɗauka. Ba hula, ba aski, rigar ma sai bakinta.

Raina ya ɓaci, yara suka fara ƙyaƙyata. Sai Iya ta daka tsawa daga kan tabarma: "Ku yi man shiru! Ƙafar Garba ce wagga. Ga kaushin nan da nike shafa ma man kaɗanya, ga yatsan da fartanya ta sare!" Fili ya ɗauki dariya, mutane suna waiwayen Baba suna yi masa barka. Shi dai ya sunkuyar da kai, ya ce, "Da na sani, da na wanke su." Duk da haka da kumburin baki na koma gida.

Yanzu jikokina kan ɗauki hotona sau goma kafin in gama shan koko. Baba kuwa har ya rasu ba a ƙara ɗaukarsa ba, fuskarsa ma ta fara ɓace mini. Da za a sake kafa ƙyallen nan, ƙafafun kawai sun ishe ni.