Allon da na wanke a Dungas

Shekarun baya, lokacin mahaifiyata tana da sauran kwana, ina aiki da wata ƙungiyar manoma mai biro, wato ofis, guda biyu, ɗaya a Dungas ɗaya a Magariya. Ni ban shiga lakwal, makarantar boko, ba. Allo na yi, da tawada da alƙalamin kara, kuma da wannan ɗan sanin aka ɗauke ni in riƙa rubuta wa dattawan ƙauyuka sanarwa da ajami. Abokina, sakataren ƙungiyar a Magariya, shi ya fara zaunar da ni gaban ordinata, wato kwamfuta. Ya manna mini baƙaƙen Larabci a kan maɓallan, ya yi ta haƙuri da ni har yatsuna suka saba.

Wata rana ya ce, "Malam, na buɗe maka ma'aji naka na kanka. Duk abin da ka rubuta a na'urar Dungas, in dai akwai rezo, wato layin sadarwa, za ka tarar da shi a ta nan."

Na ce to, amma a raina ban yarda ba. Na koma Dungas na rubuta layi guda don gwaji. Da na sake zuwa Magariya, sai ga layin nan yana zaune yana jirana. Ya riga ni zuwa, bai hau kabu-kabu ba, bai sha rairayin hanya ba. Mu da muka san mutum yakan yi watanni a durƙushe yana kwafar littafi guda, sannan a zauna ɗaya na karantawa ɗaya na bi da yatsa don a tsince kuskure, wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Na daɗe ina kallon allon na'urar ina tasbihi.

A damanar shekarar nan ciwo ya kwantar da Inna. Bayan la'asar nakan zauna kusa da ita ta yi ta ba ni labari: yadda kakanninmu suka zo suka haƙa rijiya, yadda ake zaɓen zangarniyar gero ta iri tun tana tsaye a gona, wa ya haifi wa a danginmu. Tana yi tana sa wa kowane ɗanta albarka da irin addu'ar da ta dace da halinsa. Da safe in je biro in rubuta kamar yadda ta faɗa, ban gyara mata ko kalma ba. Da ta ji abin da nake yi sai ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Kai kuma! Maganar tsohuwa za ka zuba a cikin ƙarfe? To, ka gaya masa ya riƙe amana."

Bayan an gama girbi Allah ya karɓi abarsa. A kwanakin zaman makoki abokina ya sa wa ƙanwata wannan ma'aji a tata na'urar, don ita ma ta karanta. Malamar lakwal ce a wani ƙauye can bayan Sassumbrum. Ni hankalina ba ya jikina a lokacin, ban ma riƙe cewa an yi haka ba.

Abin da ya biyo baya ni na jawo shi, kuma da kyakkyawar niyya. Na shiga biron Dungas wata rana na tarar da abokan aiki sun kewaye na'urar suna kallon kokowa, da kiɗa da ihu, wani ma hannunsa duk man ƙosai yana danna maɓallai. A cikin wannan na'ura akwai maganar Inna, kuma Inna ba ta haɗa magana biyu ba ta ambaci Allah ba. Akwai ayoyi a ciki, akwai salati. Mu kuwa yadda aka koya mana, idan karatu ya tashi daga allo ya koma takarda, sai a wanke allon, ruwan ma ba a zubar da shi inda ƙafa ke takawa. Ba a barin sunan Allah a inda ba za a girmama shi ba.

Na kira abokina na ce, "Rubutun Inna yana nan wurinka?"

Ya ce, "Ga shi ina gani, Malam."

Sai na yi bisimilla na wanke allona. Na goge komai, na bi har kwandon sharar na'urar na zazzage. Ta tambaye ni ko na tabbata. Na ce mata na tabbata, har ina jin haushin ƙarfe yana tuhumar malami.

Da na je Magariya na buɗe ma'ajin, babu komai. Fari tas.

Abokina ya duba nan ya duba can, sannan ya juyo a hankali. "Malam, me ka taɓa a Dungas?"

Na gaya masa. Ya cire hula ya ajiye a kan tebur.

"Inna lillahi. Malam, ai ba kwafi biyu ba ne. Ɗaki ɗaya ne, ta taga biyu kake leƙa shi. Ka shiga ta can ka share ɗakin, me kake so in gani ta nan?"

Na ce, "To ai ni na ga rubutu yana tafiya. Ban san gogewa ma tana tafiya ba."

Ban taɓa jin maraici irin na wannan lokacin ba, ko ranar jana'iza. Labaran zan iya tuno wasu, amma ba da bakinta ba. Addu'ar da ta yi wa kowannenmu, da yadda ta jera kalmominta, ba ni da inda zan samo su.

Can sai abokina ya buga tebur. "Ta ƙanwarka! Ƙauyensu babu rezo. In dai ba ta haɗa na'urarta da rezo ta wayarta ba tun da ka goge, labari bai kai mata ba. Amma tana haɗawa, shi ke nan." Ya dubi kalanda ya ce, "Yau kasuwar Sassumbrum. Yau take fitowa ta aika takardun lakwal."

Muka kira wayarta, ba ta shiga. Ya danƙa mini kile, ɗan abin nan da ake sokawa a na'ura a kwashi rubutu, ya nuna mini yadda zan yi, ya tsayar mini da ɗan kabu-kabu. Ni da kullum nake ce wa masu babur su bi a hankali, ran nan ni ne mai cewa ƙara wuta.

Na same ta a rumfar mai cajin waya, na'ura a buɗe a kan cinyarta, ta ɗaga waya sama tana juya ta kamar mai neman wata.

"Yaya! Lafiya? Wa ya rasu?"

"Ajiye wayar nan. Kashe ta."

"Ikon Allah. Ko sallama babu? Ai ko ba ka ce ba, tun safe nake fama da wannan tsinannen rezo, ya ƙi kamawa. Ina ta zaginsa."

"Daina zaginsa," na ce. "Buɗe mini rubutun Inna."

Ta buɗe. Yana nan. Tun daga rijiyar kakanni har addu'ar ƙarshe, ko ɗigo bai ɓata ba. Na zauna a ƙasa cikin babbar riga, a tsakiyar kasuwa, mutane na ratsa ni da awaki. Da na ba ta labari, ta yi kuka, ta share hawaye, sannan ta ce, "Yaya, wato duk karatun nan naka, rashin rezon ƙauyenmu ne ya cece ka?" Na ce ƙwarai kuwa.

Muka kwashe rubutun a kile, muka roƙi mai rumfar ya buɗe a tasa na'urar don mu tabbata ya shiga. Sannan ta kunna wayarta. Can wajen azahar rezo ya kama. Muna kallo, ba wanda ya taɓa komai, rubutun Inna ya ɓace daga na'urarta. Hannuna ne, wanda na ɗaga a Dungas kwanaki da suka wuce. Yana ta tafe a hanya yana nemana, sai a lokacin ya iso.

Daga baya na zauna da tawada da alƙalami na kwafe maganar Inna a takarda, ƙanwata na karantawa ina bi da yatsa. Har yau ina aiki da na'urorin nan, kuma har yau idan na ga rubutuna ya riga ni zuwa wani gari sai na yi tasbihi.

Amma abin da ya fi zama a raina shi ne na rumfar nan. Tun muna yara ake gaya mana cewa abin da mutum ya aikata a rubuce yake a wani wuri, zai je ya tarar da shi. Na yarda, amma ban taɓa ganin misalinsa da idona ba sai a ƙarfen da ɗan Adam ya ƙera. Kuma a nan na ga ɗayan rabin, wanda ya fi sa ni kuka: gogewa ma tana isa. Shi ya sa yanzu idan na zauna istigfari bayan sallar asuba ba na gaggawa. Ina wanke allona a nan, ina fatan Mai Rahama ya sa in je can in tarar da shi fari.