Mama Mai Almakashi da Tsanin da Ya Wanke Yayata

Ƙarfe bakwai na safe, kafin ta amsa gaisuwar kowa, sai Mama, kamar yadda kowa ke kiranta, ta duba ma'aunin sanyin firij. Shekararta talatin a ɗakin gwaje-gwajen asibiti, kuma ko babban likita bai isa ya buɗe firij ɗin nan ba. A ciki take ajiye almakashinta.

Ba na ƙarfe ba ne. Sinadari ne a 'yar kwalba, wanda ƙwayoyin bakteriya ke yi don kare kansu daga bairos. Yana bin zaren gadon bairos, wato DNA, ya datse shi daidai inda ya ga alamar da ya sani kawai. Sai Mama ta jera gutsattsarin bisa tsawonsu, su fito layi-layi kamar matakan tsani. Bairos iri ɗaya, tsani iri ɗaya.

Ni da kimiyya ba ma ga maciji, tashin hankali ne ya koya mini wannan. Bara ciwon jan ido ya kama mutum goma sha huɗu a sashen ido. Yayata nas ce a can, ita ma idonta ya yi ja. Aka ce ita ta kwaso ta rarraba, kwamiti zai zauna ranar Alhamis a kan korarta.

Ranar Laraba na je wurin Mama, don ita aka ba gwajin bairos ɗin masu ciwon da na yayata.

"Zaren bai yanku ba, ɗana," in ji ta. "An ɗauke wuta, almakashin ya sha zafi ya dakushe."

"Mama, gobe ne fa! Ki rubuta ko mene ne mana."

"In rubuta zato? Sannu, sarkin gaggawa."

Da kanta ta tsaya gaban kwamiti ta ce ba ta sani ba tukuna, a ba ta kwana biyu. Shugaban ya yi mata faɗa tas, ba ta motsa ba. Ta samo sabuwar kwalba, ta fara gwada ta a kan bairos ɗin da ta riga ta sani. Kwana biyun nan na rame.

Ranar Asabar ta ajiye musu hoto. Tsani goma sha huɗu iri ɗaya sak, na yayata daban, wato ba daga wurinta ciwon ya fito ba. Daga baya aka gano na'urar auna ido ce ba a tsaftacewa da kyau.

Mama, ke ce kika sha faɗa don 'yar da ba ke kika haifa ba. Mun gode, Allah ya saka. Matasan ɗakin gwaji, ku matso ku koya, don ƙarshen wata za ta yi ritaya, kuma gaskiya ina jin tsoro.

Na tambaye ta wa za ta bar wa makullin firij.

"Wanda zai iya cewa bai sani ba tukuna," in ji ta.

Har yau makullin yana aljihunta, saura kwana tara.