Takardar Yayansa

Shekarata shida ina aiki a ofishin rajistara na wata kwalejin gwamnati a Jos lokacin da aka naɗa Malam shugaban kwalejin. Malam muke ce masa tun muna ɗalibai, don shi ya koya mana lissafi. Ɗan unguwar Dilimi ne kamar ni, tsakanin gidan iyayensa da shagon ɗinkin Babana bai wuce layi uku ba. Ni na buga takardar naɗin, na kai wa ogana rajistara ya sa hannu, ina ta washe baki kamar ni aka naɗa.

Ba a yi wata biyu ba sammaci ya iso. Wata malamar kimiyya, wadda ta zo ta biyu a tantancewar masu neman kujerar, ita ta kai ƙara, ta ce akwai matsala a takardun Malam, don haka a soke naɗin. Iyayenta daga kudu maso gabas suka zo, amma a unguwar Tudun Wada ta nan Jos aka haife ta, Hausa a bakinta kamar tamu. A ofis muka yanke cewa baƙin ciki ne kawai ke cin ta, wasu har suka jawo addini da ƙabila cikin maganar. Ni kaina na daina gaishe ta. In na hango ta tafe sai in sunkuyar da kai kan na'ura.

Da yake fayilolin ma'aikata a hannuna suke, ni aka tura kotu da fayil ɗin Malam. Na yi rantsuwa, na tabbatar cewa shi ne wanda muke ajiye da shi, kuma ba a cire komai ba. Lauyan malamar bai ko kalli takardun digiri ba. Takardar kammala sakandare ya sa na zaro, na karanta suna da lambar jarrabawa. Sannan ya miƙa wa kotu kwafin fom ɗin da aka cike lokacin jarrabawar, wanda ya samo daga hukumar da ke shirya ta, ya ce in duba ko lambar ɗaya ce. Ɗaya ce. Sai ya ce in dubi hoton da ke manne a jiki.

Wani saurayi ne mai doguwar fuska, da tabo babba a kuncin hagu. Na ɗaga kai na dubi Malam. Shekara da shekaru na san fuskar nan, babu tabo ko ɗaya a jikinta. Na mayar wa lauyan fom ɗin. Alƙali ya ba da hutu.

Bayan an dawo daga hutu Malam ya shiga akwatin shaida. Lauyansa na ta yi masa raɗa, bai saurare shi ba. Ya karɓi hoton ya daɗe yana kallo.

"Wannan yayana ne," in ji shi. "Shi ya zauna jarrabawar. Sunan da kuke kira na da shi, nasa ne."

Ya ce yayan ya nutse a wani tsohon ramin haƙar kuza da ruwa ya cika kafin sakamako ya fito. Shi kuwa a lokacin ya bar makaranta daga aji uku yana koyon gyaran mota. Da takardar ta zo, sakamako mai kyau, mahaifinsu ya kira shi ɗaki ya ɗora masa ita a hannu, ya ce ba za a bar ta ta lalace ba, daga yau shi ne yayansa. Malam ya ce shekara guda ya yi yana karanta littattafan marigayin kafin ya nemi gurbin karatu. Duk digirin da ya biyo baya shi ya zauna ya ci da kansa, amma bai musa ba, a kan waccan takardar aka gina su.

Ban koma ofis ba ranar. Na hau keke zuwa Dilimi, na samu Baba a kan keken ɗinkinsa yana haɗa wuyan wata riga. Na zayyana masa komai a tsaye, ina jira ya saki aikin ya yi salati. Bai ko ɗaga ƙafarsa daga keken ba sai da ya kai ƙarshen layin.

"Ni na ɗinka likkafanin yaron," ya ce.

Na ce, "Baba, kun sani ke nan?"

Ya ce duk dattawan layin sun sani. Sun je jana'iza, bayan shekara kuma suka ji ana kiran ƙanin da sunan yayan, suka bi sahu. Na tambaye shi me ya sa bai taɓa gaya mini ba, alhali ya san ni ke riƙe da fayil ɗin. Ya ce babu wanda ya taɓa tambayarsu, kuma ƙanin bai cuci kowa ba. Na zauna a kan benci cikin ƙyallaye, na rasa da wa zan yi fushi.

Kotu ta soke naɗin, ta ce a sake tantancewa. Hukumar kwaleji ta sallami Malam daga aiki, 'yan sanda suka gayyace shi, daga baya na ji ya bar gari. Malamar ma ba ta samu kujerar ba, wani aka kawo daga wata jiha.

Bayan wasu makonni ta zo ofishinmu neman takardar hutu. Ta rame sosai. Na gaishe ta, karo na farko cikin watanni, ta amsa a hankali. Tana cike fom ta ce da ni, ba tare da ta ɗago ba, ita ta ɗauka Malam wani ya ɗauko ya rubuta masa jarrabawa, ba ta san akwai wanda ya mutu ba. Ta ce shi ya koya wa 'yarta lissafi, yarinyar har yanzu ba ta yi mata magana a gida. Na buga mata hatimi, na nuna mata inda za ta sa hannu.