Hannun Daman Nomau

Shekara bakwai Kailu ya yi yana naɗe wa Nomau hannu, kuma in an tambaye shi sana'arsa, kafin ya ce fawa sai ya fara faɗin wannan. Dukansu mahauta ne, dukansu daga ƙasar Ƙonni suka gangaro Abijan, sai dai Kailu ya riga shi zuwa da shekara goma, ya kuma girme shi da kusan haka. Ya taɓa dambe da ƙuruciya, bai yi suna ba. Abin da dambe ya bar masa shi ne giɓin haƙori biyu, da sanin yadda ake ɗora ƙyalle a dunƙulallen hannu a bi shi da zare har ya yi tauri kamar kan taɓarya.

Nomau ya iso a 1934, cikin taragon shanu daga Bobo, dogo, baƙi, marar yawan magana. Kailu ya ba shi gefen teburinsa a kasuwar unguwar Tireshbil, ya ba shi tabarma a zaurensa har ya yi aure. A lokacin kowace Lahadi bayan la'asar mahautan unguwar Ajame kan tsallako gadar nan mai shawagi a kan ruwa, da kalangunsu da fankamarsu, a buɗe fagen dambe a wani fili bayan kasuwa. Wata Lahadin kuma mutanen Tireshbil su je musu. Shekara uku a jere Ajame ke ba su kashi, saboda wani ƙato da ake ce wa Gajere, wanda sai ya sunkuya yake shiga ƙofar zaure.

Ranar da Nomau zai fara shiga fage, Kailu ya zo da kayan aiki cikakku: kambu na dantse, laya biyu da za a cusa cikin naɗi, da aska don a tsaga hannu a shafa magani. Nomau ya dube su ya kau da kai.

"Yaya, bar su," in ji shi. "In Allah ya so in hwaɗi, ƙasa ba ta da nisa."

Kailu ya yi ta mita yana naɗi, yana cewa bai taɓa ganin mai shiga fage tsirara haka ba. Turmi na biyu bai ƙare ba Gajere ya kai ƙasa. Maimakon Nomau ya zaga fage yana kirari, sai ya durƙusa ya ɗago shi, ya kakkaɓe masa baya. Washegari ya yi tattaki har Ajame da cinyar rago ya gaishe shi da jiki.

Daga nan sunansa ya fita, kuma ba don kisa a fage kaɗai ba. Ko ana tsakiyar turmi, in rana ta yi ja sai ya miƙa wa Kailu hannu a kwance, ya tafi alwala, 'yan kallo na gunaguni. Rigunan da attajirai ke yafa masa ba sa kwana a ɗakinsa. Matarsa Rakiya ta gaji da faɗa ta bari. Talaka in ya yi haihuwa, Nomau ne mai yanka da fiɗa, ba ya karɓar ko tsoka. Kowace Juma'a ya tara kai da ƙafa daga teburan mahauta ya dafa a babbar tukunya, ya raba wa leburorin da aikin dole ya cinye wa ƙarfi aka watsar, waɗanda ba su da kowa a garin. Abin da ya rage ya ɗauka a ka zuwa wata rumfa bayan tashar jirgin Ajame, inda kutare ke fakewa daga idon hukuma. Ba ajiyewa yake ya juyo ba. Zama yake, su sa hannu a akushi ɗaya. Liman kan ambace shi in yana yi wa samari faɗa, iyaye mata kuma su ce wa 'ya'yansu su dubi Nomau.

Ga al'adar naɗi: mai naɗi ya ja zare ya tambaya ko ya isa, ɗan dambe ne zai ce ya isa, don shi ke jin matsin. A shekara ta biyar Nomau ya daina cewa ya isa. Kailu ya ja, ya ce a ƙara. Ya sake ja har jijiyar wuyansa ta tashi, ya ce a ƙara. In an kwance bayan wasa, sai a ga zaren ya yanka fata, shi kuwa yana ta hira abinsa.

Kailu mutum ne da bakinsa ba ya riƙe daɗi. Ya faɗa wa makaɗa, makaɗa suka sa a kiɗa: hannun da ba ya jin zafi, hannun da ba laya. Wata Juma'a kuma garwashi ya faɗo a bayan hannun Nomau yana tsaye yana magana da liman, bai sani ba sai da aka ji ƙaurin fata. Shi ke nan. Gari ya ɗauka cewa Allah ne ya tsare hannun bawansa, tunda ya ƙi dogara da kowa sai shi. Mata suka fara kawo jarirai ya shafa musu kai. Nomau bai so ba, yakan ce shi mahauci ne, ba malami ba. Amma wa zai kori uwa da ɗa a hannu? Sai ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya shafa. Ba wanda ya kai Kailu jin daɗin wannan, don a ganinsa da shi da hannun kusan abu ɗaya ne.

Wata Lahadi a daminar 1941, suna zaune gindin mangwaro a gefen fagen Ajame, Kailu ya naɗe hannun riga zai fara aiki, sai idonsa ya faɗa kan wani tabo a dantsen Nomau, ja-ja, faɗin tafin jariri. Duk jikin Nomau gumi ne, tabon kaɗai ne a bushe. Ya duba ƙaramin yatsa, ya ga ya ɗan lanƙwashe, ba ya miƙewa daidai da 'yan'uwansa. Ya san tabon nan, na kuturta ne. Yana yaro a Ƙonni ya gan shi a jikin kawunsa, kafin a yi wa kawun bukka a bayan gari.

Nomau na kallon makaɗa. Kailu ya zaro allurar da yake soke bakin ƙyalle da ita, ya caka a tsakiyar tabon, ya danna. Jini ya ɓullo. Nomau bai ko waiwayo ba.

"Yaya, mi ya tsai da kai? Ana jiranmu."

Kailu ya goge jinin da babban yatsa, ya naɗe hannun. Ranar Nomau ya kashe mutum biyu, Tireshbil ta dawo gida da kiɗa. Kailu ya biyo su a baya kamar mai dawowa daga maƙabarta.

Ya san abin da magana za ta jawo. Mahauci mai wannan cuta ya gama fawa, ko kyauta ba mai karɓar nama daga hannunsa. Likitocin Turawa kuma in sun gano mutum, wani tsibiri ne a tsakiyar ruwa suke kai shi, kuma Kailu bai san wanda ya je ya dawo ba. In kuma ya yi shiru, ga jariran mutane ana ta kawowa. Ya ce a ransa zai faɗa bayan Lahadi mai zuwa. Lahadi ta zo ta wuce, ya ce sai bayan salla. Abin da ya iya yi kawai shi ne ya tsare kansa: in ya gama naɗi ya lallaɓa bayan bishiya ya dirje hannunsa da toka, in an kawo abinci ya ce cikinsa ba daɗi, Nomau ya ci shi kaɗai. Kunyar kansa ta ishe shi, amma kunya ba ta buɗe masa baki ba. Haka ya yi wata huɗu.

Ana cikin haka Zalihatu, matar Kailu, ta sauka. Uku ta binne kafin wannan, duk ba su kai yaye ba, don haka tun cikin na ƙarami take cewa wannan kam sai Nomau ya shafa masa kai, ko Allah ya sa ya zauna. Ranar suna da hantsi, zaure cike da mahauta da fataken goro, Nomau ya yanka rago, liman ya raɗa wa yarinya Jamilatu. Sai aka miƙo ta daga cikin gida a naɗe cikin zane, aka ɗora wa ubanta a hannu. Nomau ya wanke hannunsa a buta, ya matso yana murmushi, ya yi bisimilla, ya miƙo dama.

Kailu ya ja da baya. Bai yi shawara da kansa ba, ƙafarsa ce ta ja, kafaɗarsa ta juya ta kare yarinyar. Hannun Nomau ya tsaya a iska. Wani dattijo ya yi dariya ya ce angon ƙarni rowa yake yi da 'yarsa, aka ɗan dara, aka wuce wurin. Nomau bai yi dariya ba. Ya dubi fuskar Kailu, ya dubi hannunsa, ya juya shi ciki da baya kamar yau ya fara ganinsa. Sannan ya yi addu'a daga inda yake tsaye, ya fita.

Bayan azahar Kailu ya same shi a bayan mayanka, zaune bakin ruwa, ya naɗe hannun riga yana duban tabon.

"Irin na mutanen rumhwa ne, ko?" in ji Nomau.

"Shi ne."

"Na zaci makero ne. Tun yaushe ka sani, Yaya?"

"Tun damana. Wata huɗu."

Nomau ya sauke hannun rigarsa. Da ya yi magana, muryarsa ba ta tashi ba, kuma Kailu ya so a ce ta tashi.

"Wata huɗu. Ɗiyan mutane nawa anka kawo mini cikin wata huɗu? Taka ka tsare, Yaya. Ban ga laihinka ba, uba kake. Amma waɗancan ma da ubanninsu."

Kailu ya fashe da kuka, babba da shi. Ya ce akwai dabara: a sa shi cikin taragon shanu a mai da shi gida kafin kowa ya sani, ko ya riƙa sa riga mai dogon hannu, ya bar dambe ya ce tsufa ne. Nomau ya girgiza kai.

"Gobe in sha Allahu lokotoro za ni, asibitin Turawa. Amma sai na bi gidajen tukuna."

Ya kuwa bi su. Gida-gida, Tireshbil da Ajame, duk inda ya tuna ya shafa kan yaro. Ya tsaya daga waje ya yi sallama, ya faɗa wa maigida abin da ke jikinsa, ya ce a riƙa duba fatar yaron, a yafe masa. Wasu sun yi masa addu'a. Da yawa sun rufe ƙofa tun bai gama ba. Kafin kwana uku, bakunan da suka ce karama ce su ne suka ce ai dama sun ga alama, wasu suka ce ya daɗe da sani ya ɓoye, wasu suka ce mutanen Ajame ne suka yi masa sammu. Matan da suka yi layi da jarirai suka dinga dirje kawunan 'ya'yansu da sabulu har suna kuka. Ba wanda ya san inda ya ɗauko cutar, ko a rumfar ce ko tun daga gida ya taho da ita, amma kowa ya zama masani. Kailu na jin su, ya san shi ya fara kai maganar hannun ga makaɗa, bai taɓa tashi ya faɗi haka a gaban mutane ba.

Likitoci suka tura Nomau tsibirin nan, bai kuma dawo ba. Bayan shekara guda aka kwashe mutanen tsibirin zuwa wani wuri cikin daji, can ya rasu kafin yaƙin Turawa ya ƙare. Wani da ya fito daga can ya ce shi ke yi musu limanci, shi ke ɗebo wa marasa yatsu ruwa har ƙarfinsa ya ƙare. Rakiya ta koma Ƙonni wurin danginta. Kailu ya tsufa a kasuwar Tireshbil, bai sake naɗe wa kowa hannu ba, kuma abin da ya fi cin ransa har ya mutu shi ne safiyar tafiyar.

Mutum uku ne suka raka Nomau bakin ruwa, mutumin da fage ke cika dominsa: Rakiya, da Kailu, da Gajere, wanda ya taho a ƙasa tun daga Ajame. Jirgin ruwan na jira, da ma'aikacin asibiti a ciki ya rufe hanci da ƙyalle. Nomau ya yi sallama da matarsa daga nesa. Gajere bai tsaya wata-wata ba, ya taka ya kama hannun daman nan da hannu biyu, ya riƙe gam.

"Hannun ga ya kai ni ƙasa sau huɗu," in ji shi, "sau huɗu kuma shi ya tashe ni. Allah shi sa kaffara ce, Nomau."

Sai Nomau ya juyo wajen Kailu. Kailu ya so ya miƙa hannu, Allah ya sani ya so. Amma Jamilatu ce ta faɗo masa a rai, da yadda zai koma gida ya ɗauke ta, hannunsa ya yi nauyi a gefen riga. Nomau ya gani. Ya tura damansa cikin aljihu, kamar mai neman wani abu, don kada Gajere ya lura.

"Yaya, sai wata rana. A gaida mai jego."

Ya shiga jirgi ya zauna ya ba su baya. Sai da jirgin ya yi nisan da hannu ba zai kai ba, sannan Kailu ya miƙa nasa.