Kwamandan Ɗakin Wankin Ƙoda

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Lahadi, goma sha biyu ga watan Mayu, da hantsi, Allah Ya karɓi ranka, Kwamanda. Ni ban ji ba sai ranar Litinin, da na shiga ɗakin wankin ƙoda na tarar da kujera ta huɗu babu kowa, babu jakarka a ƙarƙashinta. Sista, shugabar ma'aikatan jinyar ɗakin, ta zo ta dafa hannun kujerata ta ce, "Malam, sai haƙuri. Abokinka ya riga mu gidan gaskiya." Daga nan ta soka mini alluraina biyu kamar kullum, na yi awa huɗu ina kallon silin.

Kai ba soja ba ne, ko bindigar wasa ban yi zaton ka taɓa riƙewa ba. Mai gyaran rediyo da talabijin ne kai, ma'aikatan ɗakin ne suka laƙaba maka Kwamanda, sunan ya bi ka. Ni kuwa tsohon malamin makaranta ne. Matata ta rasu, ɗana guda yana wata ƙasa, yakan bugo waya ran da ya tuna.

Wata biyar da fara mini wanki na gaji. Na gaya wa likita a gaban kowa cewa daga ranar ba zan sake zuwa ba. Ya ce in na daina, mako biyu ya rage mini a duniya, in ya yi yawa uku. Na ce na ji. Kana kujerar da ke damana, ba ka yi mini wa'azi ba, ba ka ce in tuna da ɗana ba. Ka jawo jakarka da ƙafa, ka fito da tsofaffin kwamfutoci biyu na ɗorawa a cinya, waɗanda masu su suka yar ka tayar da su. Ka ce, "Malam, tunda tafiya za ka yi, tsaya in ci ka da yaƙi sau ɗaya tukuna."

Wasan yaƙi ne, kowa da rundunarsa a kan taswira guda, kuma ba a jiran wani ya taka kafin ka taka, kowa na ba da umarni a lokaci ɗaya. Ka nuna mini yadda ake gina sansani da yadda ake tura sojoji. Abin da ba ka nuna mini ba shi ne wasan gaba ɗaya a kan ƙarya aka gina shi. Ana iya ƙera tankokin yaƙi na katako a tura su kamar na gaske, ana iya kashe rediyon runduna ta ɓace daga idon abokin gaba, ana iya aika umarnin bogi don a saurara a ruɗe. Na hango jerin tankokinka sun nufo gada, na kwashe duk manyan bindigogina na jibge a can ina ta luguden wuta. Ashe katako nake ta farfasawa. Na gasken sun bi ta daji sun shigo mini ta baya. Ka yi dariya har ka lanƙwasa hannun allura, na'urarka ta ɗauki kuka, Sista ta rugo tana faɗa. Kana share hawaye ka ce, "Yaƙi ɗan zamba ne, Malam."

Na ji haushi irin wanda na manta rabon da in ji. Shekara talatin da ɗaya ina kama masu satar amsa a aji, a ce mai gyaran rediyo ne zai yi mini shigo-shigo ba zurfi? Ranar Laraba na dawo. Wallahi ba don ƙoda na dawo ba, ramuwa ce ta kawo ni.

Haka muka yi shekara biyu da rabi, Litinin, Laraba, Juma'a. Kowannenmu da hannu ɗaya yake yaƙi, ɗayan yana miƙe da allurai. Ana ja mana labule rabi don kada wani ya leƙa allon wani. Duk da haka na yi wata bakwai ban ci ka ko sau ɗaya ba. Duk dabarar da na ƙulla kana sane, har na fara zargin ka saka wani abu a kwamfutar da ka ba ni. Sista ce ta tona maka asiri. Na'urar wankina tana fuskantar kujerarka, kuma tana nuna bugun zuciyata. Idan na tura rundunar gaske bugun ya hau, idan ta katako ce ya zauna lafiya lau. Ranar da ta juya na'urar ta kalli bango, ka yi tagumi ka ce, "Haba Sista, kin kashe mini ɗan leƙen asiri."

Alherinka ba mai surutu ba ne. Ɗakin yana da sanyi, ka lura ina rawar ɗari, ka fara zuwa da bargo biyu kana cewa kuskure aka yi wajen haɗa maka jaka. An ƙayyade mana ruwan sha, kai ka koya mini tsotsar ƙanƙara in ƙishi ya matsa. Kuma ba ka taɓa bari a gama yaƙi ranar Juma'a ba. Daidai lokacin da na ga nasara ta kusa, sai ka ce hannunka ya gaji, ka adana wasan, sai Litinin. Na sha yi maka masifa a kan haka, ina kiran ka matsoraci.

Ranar Talata na karɓi kwatancen gidanka wurin Sista don in je gaisuwa. Kullum cewa kake, "Ai nan bayan asibiti nake." Mota uku na hau, Kwamanda. Awa biyu da kwata. Inda na sauka daga ta ƙarshe, ina ɗaga kai sai ga wani asibiti da allon wankin ƙoda a ƙofarsa, tsakaninsa da gidanka bai kai tafiyar minti biyar ba.

Maiɗakinka ta gane ni tun kafin in faɗi ko wane ne ni. Bayan mun gaisa ta ce, "Malam, shekara biyu ke nan da suka buɗe, suka ba shi gurbi ya ƙi. Ya ce in ya bar waccan kujerar, kai ma za ka bar taka. Mun yi faɗa a kan haka har na gaji na sa masa ido." Ba da zargi ta faɗa ba, da ta zarge ni ma da ya fi mini sauƙi. Ta ce kakan dawo a galabaice, ka zauna a matakalar bene ta farko sai an kama ka. Sannan ta miƙo mini jakarka da kwamfutocin biyu a ciki.

Na ji haushinka, ba zan ɓoye ba. Wa ya aike ka? Na san abin da wanki yake yi wa jiki, ni da nake kusa ma da ƙyar nake kai kaina gida. Likita ya ce zuciyarka ce ta tsaya, kuma na san wa'adi ba ya wuce ranarsa, amma hanyar nan ta ƙi fita daga raina.

Jiya Laraba ban je wanki ba. Na zauna a ɗakina na kunna kwamfuta ɗaya, na tarar da yaƙinmu na Juma'a yana nan yadda ka bar shi, ba ya buɗuwa sai da mutum biyu. Na gwada karawa da kwamfutar kanta. Ta ci ni, ba ta yi dariya ba, na rufe ta. Babu wanda ya ƙwanƙwasa ƙofata har rana ta faɗi. Yau ƙafafuna sun fara kumbura, numfashi yana yi mini nauyi, kuma tun safe nake lissafin maganar likita ta mako biyu.

Amma ka riga ka ɗaure ni, Kwamanda. Idan na daina yanzu, duk wahalar da ka sha a hanya ta tashi a banza, kuma ba ni da idon da zan kalli maiɗakinka da shi. Ɗazu na buga wa Sista waya na ce ta ajiye mini kujerata gobe.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka da 'ya'yanka da jikokinka. Ku yafe mini lokacin da na cinye muku ban sani ba, naku ne, ku ya kamata ya zauna da ku. Allah Ya ba ku haƙuri da dangana. Kai kuma, Allah Ya jiƙan ka, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara, Ya yafe maka ƙaryar da ka yi mini, ni na yafe. Allah Ya yalwata makwancinka, Ya hutar da kai. Ni kuma Ya ba ni ƙarfin shiga ɗakin nan gobe ni kaɗai.