Eulogio da Gawarwakin Kogin Atrato

A ƙauyensu na bakin kogin Atrato babu wanda bai san Eulogio Rentería da tsoro ba. Shekara arba'in yana su, amma ko tsawa aka yi sai ya naɗe komarsa ya juyo gida. Saboda karen maƙwabta, ta bayan gonar ayaba yake zagayawa zuwa coci. Matarsa Casilda takan ce, "Ni dai na auri mutumin da kaza ke kora."

Kakarsa ce ta rene shi. Ba ta iya karatu ba, amma ta haddace waƙoƙin hikima da ake rerawa a coci, tana gyaran kifi tana rera masa. Abin da ya zauna masa a rai shi ne mai tsoron Allah ba ya kau da kai daga wanda ba shi da gata, ko da babu mai ganinsa. Da haka ya tashi. Bai taɓa cusa kifin jiya cikin na yau ba, bai taɓa ba da shaidar abin da bai gani ba.

Yana da shekara hamsin da takwas masu bindiga suka mamaye yankin. Ba a daɗe ba kogi ya fara kawo gawarwaki. Kwamandansu, wani matashi mai tabo a leɓe, ya tara jama'a gaban makaranta ya ce a bar ruwa ya wuce da su, duk wanda ya taɓa gawa zai bi ta.

Wata safiya Eulogio ya ja komarsa ya ji nauyi. Mace ce da rawayar riga, an ɗaure hannayenta ta baya. Ya kwance ta daga komar, ya tura ta, ruwa ya fara tafiya da ita. Ungulu biyu suka taso daga kan reshe suka bi ta. Ya zauna yana kallo. Can sai ya juya kwalekwalen ya bi bayanta. A cikin duhuwa ya haƙa mata rami da adda da hannunsa, yana haƙa yana waige.

Da Casilda ta ga laka har gwiwar hannunsa, ba ta buƙaci bayani ba.

"So kake ka mayar da ni gwauruwa da tsufana?" ta ce a hankali, tana leƙen ƙofa.

"Na tura ta, Casilda. Na rantse na tura ta. Amma ranar da za a tambaye ni, me zan ce? In ce na ji tsoro?"

"To ai gaskiya ka faɗa."

"Gaskiya ce, amma ba za ta ishe ni ba."

Daga ranar ya daina cin abincin kirki. In ya ji ƙarar injin jirgi sai ya nemi wurin ɓuya. Duk da haka, cikin wata biyar ya binne mutum goma sha ɗaya.

A kan gawa ta goma sha biyu aka kama shi, da tsakar rana, yana jan gawar wani dattijo zuwa gaɓa. Mutum huɗu ne a jirgi, har da kwamandan.

"Tsoho, kunnenka ne ya toshe ranar da na yi magana?"

"Na ji, yallaɓai."

"Wato ba ka tsorona ke nan."

Eulogio ya dubi wandonsa, fitsari na gangarowa. "Ga shi kana gani, yallaɓai. Ina tsoronka ƙwarai. Wanda ya halicci dattijon nan ne na kasa yi wa haka."

Sauran suka tuntsure da dariya, kwamandan bai yi ba. Ya sa aka kwantar da hannun Eulogio na dama a bakin kwalekwale, aka farfasa shi da gindin bindiga. Suka huda kwalekwalen, suka mayar da dattijon cikin ruwa, suka ce kada faɗuwar rana ta same shi a ƙauyen. Har ya mutu bai san abin da ya hana su harbe shi ba.

Shi da Casilda suka koma birnin Quibdó. Hannun ya warke a karkace, su ya gagare shi. Ita tana soya ayaba a bakin kasuwa, shi yana hura mata wuta da hannun hagu. Shekaru ya yi yana zabura in baƙo ya ambaci sunansa.

Bayan shekara tara, da yankin ya lafa, dangin waɗanda suka ɓata suka zo nemansa. Sai da ya kwana uku yana jinya don tsoro kafin ya yarda ya shiga jirgi da su. Ya nuna musu wuraren ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin rigar kowa da tabon jikinsa. An tono bakwai, biyar daga ciki aka gane su, har da mai rawayar riga, wadda ashe malamar makaranta ce mai suna Ernestina. Sauran huɗun ambaliya ta cinye gaɓar da ya sa su.

Waɗannan huɗun ne ya yi ta jimaminsu. Yakan ce da ya ƙara matsawa sama da su kaɗan, da tsoro bai sa shi gaggawa ba, da su ma an same su. Ya rasu yana da shekara saba'in da huɗu, bayan gajeriyar rashin lafiya. 'Ya'yan Ernestina biyu suna cikin waɗanda suka ɗauki akwatinsa.