Muryar da Ta Zubo Cikin Wayata

Ko da zan manta duk abin da ya same ni a Madina, wannan ba zai fita daga raina ba har in koma ga Allah. Kuma da wata 'yar ƙara ya fara, wadda ba ta kai a waiwaya ba.

Ina tsintar shinkafa da hantsi, sai wayar gidanmu, irin marar igiyar nan da ake yawo da ita ɗaki-ɗaki, ta yi ƙit a kan firji. Na kara a kunne. Ba ni ake kira ba. Muryar mijin ƙanwata ce, yana magana da wani. Gida ɗaya muke a unguwar Ƙuba, wanda mahaifinmu ya bar mana, ni da iyalina a ƙasa, ita da nata a sama. Wayoyin iri ɗaya ne, rana ɗaya aka sayo su, shi ya sa maganarsu ta zubo cikin tawa. Mai tsoron Allah ajiyewa take yi. Ni ban ajiye ba, kuma gara in faɗi dalili.

Shekarar ce aka fara zaɓen majalisar baladiyya, wato majalisar gari, mijin ƙanwata ya tsaya. Mu mata ba mu da ƙuri'a, amma girki da karɓar baƙi namu ne. Kullum mata na wuce ƙofata su hau bene da turare da dabino, suna yi wa ƙanwata kirarin matar babban mutum tun kafin a jefa ƙuri'a. Yarinyar da ni na koya wa karatu, ni na goya ta zuwa masallacin Harami. Mijina direban motar alhazai ne, ban taɓa raina shi ba sai a watan nan. Wata rana wata baƙuwa daga unguwar Aƙiƙ ta gan ni da tire a matakala, ta miƙo mini abayarta in rataye mata. Ƙanwata ta yi dariya ta ce ai yayarta ce. Dariyar ta fi abayar yi mini ciwo.

To, sai na mayar da sauraron wayar nan aiki. A rana ta uku na ji shi yana ce wa mai kula da rumfar taronsa: "Tsofaffin nan namu, ku zaunar da su can baya wajen tukwane. In Larabawa suka shigo suka tarar ana ta zuba Hausa a gaba, ƙuri'a ta gudu." Tsofaffin da yake nufi abokan mahaifinmu ne, waɗanda iyayensu suka tako da ƙafa daga ƙasar Hausa har nan. Na ce wa kaina don su nake fushi. Ƙarya nake yi. A wayar nan dai na ji shi yana nemar wa ɗayansu gado a asibiti, wannan kuwa ban kai wa kowa ba.

Ɗan yayar mijina yana aiki a wata jarida. Da ya zo gaisuwa na ba shi labari, idonsa ya yi haske. Ya ce magana ba ta isa ba, sai da murya. Na ɗauko rikodar da 'yata ke sauraron haddarta da ita, na kara a bakin wayar, na yi kwana biyu ina jira har ya maimaita irin maganar. A kan kaset ɗin karatu na naɗi muryarsa. Har yau in na tuna wannan nakan yi istigfari.

Jaridar ta fito da maganar, kalma bayan kalma. Kafin la'asar tsofaffin suka kwashe tabarminsu daga rumfa, 'ya'yansu suka bi su. Larabawan ma da yake lallashi suka ja baya, wai wanda ya ɓoye iyayensa ba zai riƙe amanar unguwa ba. Shinkafa da naman rago suka dawo gida a tire, ba a taɓa ba. Matakala ta yi tsit. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Na hau sama na yi wa ƙanwata jaje, ta kwantar da kai a cinyata tana kuka, ni kuwa ina kallon labulenta mai tsada ina jin mun zama ɗaya.

Mijinta ya kai ƙara wajen 'yan sanda cewa ana sauraron wayarsa. Biyu suka zo. Da ya ce su je jaridar su tambayi wanda ya ba ta muryar, babbansu ya ce wannan ba huruminsu ba ne, su cikin gida za su duba. Suka juya waya, suka leƙa bayan kabad, sannan suka tambayi wanda ke yini a gidan. Ban da iyali, mutum ɗaya ce, wata dattijuwa da ke taya ƙanwata aiki, muna ce mata Ta-Damagaram. Mijinta ya rasu, ba ta da kowa a nan, burinta ɗaya a duniya, ta mutu a Madina a binne ta a maƙabartar Baƙi'a. Ko Larabcin kirki ba ta ji, balle ta san jarida. Suka nemi iƙamarta, wato takardar zama, suka tarar da sunan wani gidan take, ba namu ba. Suka ce ta ɗauko mayafinta.

Ina tsaye a ƙofata suka sauko da ita. Wayar tana kan firjina, taku biyar daga inda suke, ba wanda ya leƙa. Ta tsaya ta ce mini: "Hajiya, na jiƙa wake a sama, ki tsame shi kada ya lalace." Na bar su suka fita da ita.

Kwana biyu na yi ina sallah ba na jin abin da nake karantawa. A na uku na ɗauki wayar da rikodar na hau sama, na ajiye a gaban ƙanwata da mijinta, na faɗi komai. Shi bai ɗaga murya ba, ya ce maganar tasa ce, shi ya faɗe ta, ya sa takalmi ya tafi janye ƙara. Ƙanwata ta dube ni ta ce: "Yaya, da kin ce kina son labulen, ai da na cire na ba ki." Ashe ta ga inda idona yake.

An janye ƙarar, amma aka ce maganar iƙama ta riga ta wuce hannunsu. Aka mayar da Ta-Damagaram ƙasarta. Ɗan jaridar ba wanda ya ko kira shi. Mijin ƙanwata ya faɗi zaɓe, ya koma sayar da dabinonsa, tsofaffin ma daga baya suka yafe masa. Ita kaɗai ce ba ta dawo ba. Duk lokacin da na wuce katangar Baƙi'a ita nake tunawa, ina roƙon Allah Ya sa ta yafe mini.

Abin da na koya shi ne, hassada ba ta sauka a kan wanda aka nufa da ita kaɗai, wanda ya fi kowa rauni a gidan shi take fara kayarwa. Amma ba malami ne ya ƙarasa mini karatun ba. Bayan wata biyu ba gaisuwa, ƙanwata ta aiko autarta 'yar shekara shida da kwanon abinci. Yarinyar da kullum da Larabci take amsa mini, ranar ta zauna a cinyata, ta leƙa kan firji, ta matso kunnena ta ce da Hausarta mai karkata:

"Inna, in na gaya miki asirina, ke kaɗai za ki ji, ko har da jarida?"